Akwatin Tsofaffin Kaset: Amsoshin Wasiƙunku daga Maraɗi

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan wata kusan duk bakinsu ɗaya: fim ɗin da aka gani da, aka nema yanzu aka rasa. Na zaɓi biyar. Masu tambaya a kan finafinai masu dogon zango su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Ina yaro a shekarun 1970 aka kawo majigi filin lakwal ɗinmu, aka nuna wani gajeren fim na samari baƙaƙen fata da manyan huluna da bindigogi bisa dawaki, cikin ƙauye irin namu. Jikokina sun ce mafarki na yi, ko kuwa na haɗa shi da na Amurka. Akwai wannan fim kuwa?
— Wani mushe (malamin lakwal) mai ritaya, Tasawa

Amsa: Mushe, barka da hutawa. Ka gaya wa jikokinka idonka biyu ka gani. Siffar da ka ba ni ta *Le Retour d'un aventurier* ce, wanda Moustapha Alassane ya yi a 1966, tsawonsa rabin awa da 'yan mintoci. Wani saurayi ne, Jimi, ya dawo daga Amurka da akwati maƙil da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa. Kowa ya sa hula da takalmi, ya ɗaura bindiga, ya yar da sunan da ubansa ya raɗa masa ya ɗauki wani: wannan Black Cooper, wancan Casse-Tout, budurwar cikinsu kuma Reine Christine. Wasa ya zama gaske, suka addabi gari da sata da faɗa har abin ya fi ƙarfin dattawa. Mai kallo yana dariya, amma in ya koma gida ya kwanta sai ya tuna da nasa ɗan da ya je bariki ya dawo da wata ɗabi'a.

Moustapha Alassane makanike ne tun farko. A Yamai ya koyi riƙon kyamara a hannun Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim, ya je Kanada ya ƙaro ilimin zane mai motsi wajen Norman McLaren. Shi ya yi *Aouré* a 1962, da finafinan zane irin su *Bon voyage Sim*, inda kwaɗi ke mulki, da *FVVA* a 1972, a kan mai neman mace da mota da gida da kuɗi. Ya daɗe zaune a Tawa, ya rasu a Wagadugu a 2015. A 2024 aka sa sunansa ga cibiyar al'adu ta Yamai wadda a da ke ɗauke da sunan Jean Rouch.

Biyu daga cikin 'yan wasan nan sun cancanci ka riƙe sunansu. Ɗaya Djingarey Maïga, wanda daga baya ya zama darakta, ya yi *L'Étoile noire* da *Aube noire*. Ɗayar kuwa Reine Christine ɗin, wato Zalika Souley, kuma a kanta nake so in tsaya. Tana budurwa ta shiga fim, a zamanin da ko namiji ya shiga ana yi masa kallon ɗan iska. Ta fito a finafinan Oumarou Ganda bi da bi: *Cabascabo*, *Le Wazzou polygame*, *Saïtane*, *L'Exilé*. *Le Wazzou polygame* shi ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, a 1972, karo na farko da aka fara ba da ita, wato Nijar ce ta buɗe littafin. Yawanci mugun matsayi ake ba Zalika, na kishiya mai baƙin ciki ko mace mai zaman kanta, mutane kuwa suka kasa raba ta da abin da suka gani a allo, har zagi ta sha. Da harkar fim ta durƙushe a ƙasar nan ta shiga ƙunci, daga baya ta tafi Amurka aikatau. Ta rasu a 2021. Rahmatou Keïta ta yi fim a kan rayuwarta, *Al'lèèssi*, wanda aka nuna a bikin finafinai na Cannes a Faransa a 2005. Ni a ganina wanda bai ga wannan ba bai san abin da tsofaffin 'yan wasanmu suka biya ba.

Batun inda za ka samu: ka ba jikokin sunan fim ɗin da na darakta kamar yadda na rubuta su da Faransanci, su nema a YouTube, don irin waɗannan sukan fito su ɓace. Su haɗa da *Les cow-boys sont noirs* na Serge Moati, wanda ya ɗauki yadda aka yi aikin fim ɗin. Kwafi masu kyau suna taskar finafinan Afirka ta Institut français a Paris, wasu kuma a taskar Wagadugu, wadda ambaliyar 1 ga Satumba 2009 ta yi wa ɓarna. Abin yana mini ciwo, a ce ɗan Tasawa sai ya bi ta Faransa kafin ya ga dawakin ƙasarsa.

Tambaya: Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya bar adaka biyu cike da kaset ɗin bidiyo, na Hausa na da, da waɗanda yake ɗauka daga tele. Yara sun ce in ba 'yan gwangwan su, tunda bidiyon ta lalace kuma komai yana cikin salula yanzu. Zuciyata ba ta kwanta ba. Me ka gani?
— Wata Hajiya, unguwar Ali Ɗan Sofo

Amsa: Hajiya, Allah ya gafarta wa Alhaji, ya kai haske kabarinsa. Ki bi zuciyarki. Yaran sun yi kuskure a kan cewa komai yana cikin salula. Na yi shekaru ina hayar kaset a bakin babbar kasuwa, ina bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya da Katsina in saro kaya a Ƙofar Wambai a Kano, kuma akwai finafinan da suka bi ta hannuna waɗanda yau ba su a intanet, ba su wajen masu tura fim a waya, wasu ma masu su ba su da kwafi. Mai yiwuwa a cikin adakarki akwai wanda ya rage shi kaɗai.

Fara da fitar da su daga ɗakin kwano in can suke. Zafin Afrilu da Mayu na garin nan yana lanƙwasa roba, yana sa zaren kaset ya manne da juna, raɓar damina kuma ta kawo fumfuna. A nema musu ɗaki mai sanyi, nesa da ƙasa, nesa da lasifika da duk abin da ke da maganaɗisu. A jera su a tsaye, kada a kwantar da wani bisa wani.

Sai ki ɗauki kowanne ki duba ta 'yar tagar nan ta gilashi inda ake hango zaren a naɗe. Lafiyayyen zare baƙi ne wuluk, gefensa sumul. In kin ga fari-fari a kansa kamar an barbaɗa garin gero, fumfuna ce. Wannan a ware shi gefe cikin leda, kada a sa shi a bidiyo, domin zai ɓata kan na'urar, ya kuma shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya. Mai gyara da ya san aikin yana iya kwance shi ya goge zaren a hankali da ƙyalle mai laushi. In zare ya tsinke, ana ɗinke shi ta bayansa da siririn salatif, a yi asarar daƙiƙa biyu maimakon fim ɗungurungum.

Bidiyon ita ce wahalar. Kamfani na ƙarshe da ke ƙera ta, Funai na Japan, ya daina a 2016, sai dai ta hannu. Ki sa a tambayi tsofaffin masu gyaran rediyo da tele, da masu ɗaukar biki na da. Yawancinsu ba su yar da tasu ba. Ga wani abu da ke ruɗa mutane. A zamanin kaset Nijeriya tana amfani da tsarin hoto na PAL, mu kuwa a nan SECAM muka gada daga Faransa. Kaset ɗin Kano PAL ne, abin da Alhaji ya ɗauka daga Télé Sahel kuwa SECAM ne. In aka sa na SECAM a na'urar da PAL kaɗai ta sani, hoto zai fito baƙi da fari, sai a ce ya lalace a jefar, alhali lafiyarsa lau. A nemi bidiyo mai karanta tsarin biyu, a kan rubuta su a goshinta.

Juyewa zuwa kwamfuta ba ta da wuya. Akwai 'yar na'ura mai kan USB a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma wayoyi uku, rawaya ta hoto, fara da ja na sauti. A haɗa, a kunna, a zauna. Fim mai awa biyu awa biyu zai ci, babu gaggawa, kuma in wuta ta ɗauke a tsakiya sai a sake daga farko, don haka a yi a inda ke da sola. A gwada na'urar da kaset ɗin da ba a damu da shi ba tukuna, saboda tsohuwar bidiyo takan tauna zare. In akwai faifan VCD a cikin kayan, nasu ya fi sauƙi: a buɗe a kwamfuta, a shiga jakar MPEGAV, a kwafe fayil ɗin da ke ciki. A ajiye komai a wuri biyu, kuma bayan an juye kada a zubar da kaset ɗin.

Roƙona a gare ki guda ne, kuma shi ya fi duk abin da na faɗa a sama. A juye fim tun daga daƙiƙar farko har baƙin allo na ƙarshe, da tallace-tallacen da ke gabansa, da jerin sunayen da ke bayansa. A ɗauki hoton kwalin gaba da baya. Masu tura fim a waya suna yanke sunaye don fim ya shiga memori, wani ma ya liƙa sunan shagonsa da lambarsa a kan fuskar ɗan wasa. Ta haka muka wayi gari yaro yana kallon tsohuwar da ta fito uwa a finafinai barkatai, ya san muryarta, ya san yadda take tafa hannu in tana salati, bai san sunanta ba, kuma ba inda zai duba. Kwalin nan da yara ke gani shara, a kansa sunan darakta yake, da kamfani, da shekara, wani lokaci har da mai ɗaukar hoto.

Waɗanda Alhaji ya ɗauka daga tele ki fi kaffa-kaffa da su. In akwai wasannin Yazi Dogo da tawagarsa a ciki, ko wasan kwaikwayon samariya na bukukuwan matasa, ko kokowar gargajiya ta da, ki sa a fara da su. Irin waɗannan ba a kai su kasuwa da yawa kamar na Kano ba, ragowarsu kaɗan ce.

Tambaya: Muna gardama da abokaina. Na ce *Turmin Danya* ne fim ɗin Hausa na farko, wani ya ce *Sangaya*. Wa ke da gaskiya, kuma me ya sa na Indiya na 1970 ake samunsu garau amma namu na 1990 sai dusu-dusu?
— Wani ɗalibi, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo

Amsa: Ɗana, ka fi abokinka kusa. *Turmin Danya* ya fito a Kano a 1990, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta yi shi, Salisu Galadanci ya ba da umarni, Ibrahim Mandawari yana cikin 'yan wasa. Daga shi ake fara lissafin finafinan bidiyo na kasuwa. *Sangaya* na kamfanin Sarauniya sai 1999, da Ali Nuhu da Fati Muhammad. Abin da ya yi shi ne ya buɗe kasuwa da waƙa da rawa yadda ba a taɓa gani ba. Na ga mata a nan Maraɗi suna hayarsa su ƙi maidowa, su gwammace su biya tara. A wannan shekarar ce kuma sunan Kannywood ya fara fitowa a mujallar Tauraruwa, kuma aka fara buga mujallar Fim.

Amma fim da Hausa ya girmi bidiyo. Tun zamanin Turawa an yi *Baban Larai* don a koya wa manoma noman auduga. A 1976 Adamu Halilu ya yi *Shaihu Umar* daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Shekaru da dama ana ɗauka ya ɓace, sai a 2016 aka gano gwangwanayensa a ma'ajiyar hukumar finafinai ta Nijeriya. Cibiyar Arsenal ta Berlin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Akwai kuma *Ƙasarmu Ce* na Saddiq Ɓalewa, na 1991.

Dalilin dusu-dusun yana cikin abin da aka ɗauki hoton a kansa. Na Indiya da *Shaihu Umar* a kan fim na silima aka ɗauke su, mai faɗin milimita 35, wanda in uwar kwafin ta tsira ana iya wanke ta a fito da hoto tangaran. Na Kano na farko kuwa a kan kaset aka ɗauka, aka tace a kan kaset, aka buga daga kaset, kowane juyi yana rage haske da kaifi. Wanda ya iso shagona jika ne ko tattaɓa-kunne. Samarin da suka yi su da kuɗin aljihunsu suka yi, ko na wata gwaggo da ta sayar da sarƙa, babu kamfani mai ɗakin ajiya a bayansu. In fim ya gama cin kasuwa, uwar kaset takan kwana a durowa, wani ma a ɗora sabon aiki a kanta. In ka samu mai dusu-dusun ka riƙe shi hannu biyu, kada ka jira wanda ya fi shi.

Tambaya: Na kalli *Sarraounia* na ji ba Hausa ake yi ba. Ba Ba'azna ba ce?
— Wata malamar asibiti, Tibiri

Amsa: Ita ce, ƙanwata, Sarauniyar Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine a 1899, watanni kaɗan kafin sojojinsu su kashe su a wajen Maijirgi. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafin a 1980, Med Hondo ɗan Muritaniya ya mayar da shi fim a 1986. An shirya ɗaukarsa a Nijar, shirin bai yiwu ba, aka koma Burkina Faso, aka ɗauki 'yan wasan can, Aï Keïta ta fito Sarauniyar. Shi ya sa kika ji Julanci da Fulatanci da Faransanci. Ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. In tarihin wannan yanki kike so daga hannun ɗan gida, nemi *Si les cavaliers* na 1982, wanda Mahamane Bakabé ɗan Gazawa ya yi daga rubutun André Salifou, a kan yunƙurin fadar Damagaram na korar Faransawa a 1906. In kuma Hausa zalla kike so, akwai *Koukan Kourcia* na Sani Magori ɗan Galmi, inda tsohuwar zabiya ke bin 'yan ci-rani har Abijan tana kiransu gida da waƙa.

Tambaya: Akwai wata 'yar wasa da nake so tun ina ƙarami, ta yi aure wajen 2003 ba a sake ganinta ba. Don Allah ka nemo mini lambarta ko unguwarsu, gaisuwa kawai zan yi. Kuma ina da tsofaffin finafinanta, ina so in ɗora su a YouTube don kowa ya amfana.
— Wani ɗan kabu-kabu, Sabon Gari

Amsa: Ƙanena, na cire sunan da ka rubuta, kuma lamba ba zan nema maka ba. Na yarda gaisuwa ce kawai a ranka. Amma matar da ta bar fim ta shiga ɗakin mijinta shekara ashirin da wani abu, da 'ya'ya manya, wataƙila da surukai, ita ta zaɓi a daina ganinta. Kira ɗaya daga baƙon namiji yana iya jawo mata maganar da kai ba za ka ji ba. Wadda ke son a same ta takan buɗe shafi da sunanta, ko ta yarda a yi hira da ita; BBC Hausa ta yi irin wannan hira da tsofaffin 'yan wasa da dama a shirin Daga Bakin Mai Ita, ka duba can.

Son naka yana da inda zai yi amfani. Da yawa daga cikin fuskokin da ka taso da su sun riga mu gidan gaskiya: Balaraba Muhammad a 2003, Ahmad S. Nuhu a ranar farko ta 2007, Hauwa Ali Dodo a ranar farko ta 2010, su ukun duk a hatsarin mota. Rabilu Musa Ibro a 2014, Kasimu Yero a 2017, Usman Baba Pategi, wato Samanja, a 2023. Allah ya jiƙansu. Waɗannan addu'a suke bukata. Cikin masu rai kuma akwai waɗanda tsufa da ciwo suka kwantar, in ka ji ana neman taimako dominsu ta hanyar da ka amince da ita, ko jika ɗaya ce ka aika.

Batun YouTube kuwa, fim yana da mai shi ko da ya tsufa. Duba kwalin ka ga kamfanin, ka nemi furodusan ko magadansa; yawancinsu suna Kano ko Kaduna ko Jos, kuma 'yan kasuwar fim na da sun san juna, tambaya biyu za ta kai ka. Ka gaya masa kana da kwafi. Sau da yawa shi ma nema yake, sai ka ga ya fi ka murna. Ka tura masa ya ɗora a tasharsa, kuɗin talla ya shiga aljihun wanda ya ci bashi ya yi aikin. In ya ba ka izini ka ɗora da kanka, ka nemi ya faɗa maka a rubuce ko a saƙon murya ka ajiye, ka sa shekara da sunan kowa a ƙasa, har mai riƙe fitila in an rubuta shi. Ka kuma tambaye shi ko ita matar za ta so a sake fito da waɗannan finafinai. Shi yana da hanyar jin ta bakinta ko ta bakin danginta ba tare da an tayar da ƙura ba. In aka ce a bari, ka bari, ka ajiye kwafinka a gida.

Wata mai zuwa zan taɓo 'yan wasan kwaikwayon garin nan, waɗanda suka yi wasa a gidan matasa na Bawa Ɗan Wardanga da gidajen rediyo, da ƙananan finafinan da samari suka ɗauka a Maraɗi da Madarunfa da kyamarar biki. Wanda ya yi wasa a ciki, ko yake da kaset, ko hoto, ko da kwali ne babu kaset, ya rubuto ta ofishin mujalla, ya faɗi sunan wasan da shekarar da sunayen waɗanda ya tuna.